Batir ne ya mutu, ko caji ne babu? Abin da za a auna kafin a kai hannu aljihu

A duk kayan da ke cikin mota babu wanda ake ɗora wa laifi da gaggawa kamar batir. Da zarar an murɗa makulli da safe mota ta ƙi tashi, tun kafin a ɗaga bonet an yanke hukunci: batir ya mutu. Daga nan sai hanyar Ƙofar Ruwa in a Kano ne, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, a ciro kuɗi masu kauri a sayo sabo. Wani lokaci hukuncin daidai ne. Amma sau da yawa, bayan mako biyu ko uku, sabon ma sai ya kwanta yadda tsohon ya kwanta, domin abin da ya kwantar da na farkon yana nan daram ba a taɓa shi ba. A ɗaya gefen kuma ga mutumin da batirinsa ya gama aiki tun bara, amma kullum yana hanyar shagon mai caji, yaran unguwa sun gaji da tura masa mota. Shi a ganinsa tattali yake yi, bai san altanetarsa mai yi wa batir caji da kik ɗinsa mai juya inji ya tashi ne ke biyan bashin ba. Su biyun duk asara suke yi, kuma dalilinsu ɗaya ne, babu wanda ya auna a cikinsu.

Batirin da caji ya ƙare masa daban, batirin da ba zai ƙara riƙe caji ba daban. A kunne ba za ka bambanta su ba, domin kukan da motar ke yi iri ɗaya ne. Na farko caji yake so, da kuma gano abin da ya zuƙe shi. Na biyu babu abin da zai dawo da shi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa hanya ce ta raba waɗannan biyun.

Sai an san abin da ke cikin akwatin nan kafin a gane yadda yake lalacewa. Batirin ƙaramar mota ɗakuna shida ne a jere, kowanne yana ba da wajen bolt 2.1, a haɗa su su tashi 12.6. A cikin kowane ɗaki akwai faranta na dalma a nutse cikin ruwan batir, wato asid ɗin salfa da aka gauraya da tataccen ruwa. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro irin wannan batir a 1859, tun motar ma ba ta zo duniya ba. Ya zama dole a mota ne bayan da kamfanin Cadillac na Amurka ya fito da mota mai kik na lantarki a 1912, aikin Charles Kettering, aka fara hutawa da juya inji da hannu. Abin mamaki shi ne har yau asalin fasahar ba ta canza ba. Idan batir yana ba da wuta, asid ɗin yana kama jikin faranta ya zama wani farin gishiri, ruwan kuma ya tsinke. Idan aka yi caji, gishirin ya narke ya koma cikin ruwa, ruwan ya sake kauri.

Babban aikinsa na daƙiƙa biyu ne ko uku. A wannan ɗan lokaci kik na jan wuta mai yawan gaske, amfiya 100 zuwa 200 a ƙaramar motar fetur, fiye da haka nesa ba kusa ba a injin dizal. Da inji ya kama, altaneta ce ke ɗaukar nauyin komai, fitilu da rediyo da fanka da esi, sannan ta mayar wa batir abin da ya kashe. Ke nan masu hannu a tashin mota huɗu ne: batir, kik, altaneta, da wayoyin da suka haɗa su. Kowanne ya gaza, a bakin batir maganar ke fitowa. Ko fitilar nan mai hoton batir da ke kamawa a dashbod ana cikin tafiya, ba batir take nufi ba. Tana shaida maka ne cewa caji ya daina shiga, a duba altaneta ko fanbel, wato bel ɗin da ke juya ta. Mutane da yawa sun sayi sabon batir saboda wannan fitila, fitilar kuma ta ci gaba da ci.

Ta hanyoyi uku batir ke tsufa. Na farko, farin gishirin nan, muddin aka yi caji da wuri, narkewa yake yi. Amma idan batir ya yi kwanaki ko makonni babu cikakken caji, sai ya daskare ya yi tauri, caji ya daina iya narkar da shi, wannan ɓangare na farantin ya tashi daga aiki ke nan. Na biyu, ragar da ke riƙe da farantin tana cinyewa a hankali. Na uku, garin da ke manne a jikin faranta yana kakkaɓewa yana taruwa a gindin akwatin, musamman a motar da ke bin hanya mai gargada kuma batirinta ba a ɗaure yake ba. Idan tarin ya kai ya haɗa faranta biyu, ɗakin ya mutu nan take. Tsohon batir kamar randa ce da laka ta cika rabinta. Ka zuba ruwa kaɗan ta cika taf, ka leƙa ka ga ruwa har baki, amma moɗa uku za ka ɗiba ka tarar da laka. Wannan ne ya sa mai caji zai ce maka, "Alhaji, ya cika, ga mita ka gani," kuma ba ƙarya ya yi ba, amma jibi motar ta sake ƙin tashi.

Akwai wata fahimta da muka aro daga ƙasashen sanyi wadda ba ta dace da mu ba, cewa sanyi ne ke kashe batir. A wurinmu zafi ne ke kisan, sanyi tona asiri kawai yake yi. Masu ƙera batir suna da wani ƙiyasi da suka daɗe suna aiki da shi, cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan digiri 25 yana rage kwanan batir da kusan rabi. To a Sakkwato da Maiduguri da Yamai da Agadas, daga Maris zuwa Mayu, zafin inuwa ma yana wuce digiri 40, balle ƙarƙashin bonet kusa da inji a cikin cunkoson rana tsaka. Zafi yana ƙafar da ruwan batir, yana hanzarta cinyewar raga, yana sa batir ya riƙa zubar da cajinsa ko da motar na ajiye. Amma a lokacin ba za ka ga komai ba, domin batir mai ɗumi yana ba da wuta cikin sauƙi, baƙin mai ma ya tsinke, inji na juyawa ba gardama. Sai hunturu ya shigo a Disamba ko Janairu, asuba ta yi sanyi, mai ya yi kauri, ƙarfin batir ya ja baya, sannan ɓarnar da bazara ta yi ta bayyana. Saboda haka shekara huɗu ko biyar da ake karantawa a intanet lissafin Turai ne. A ƙasashe masu zafi irin namu, batirin da ya haura shekara biyu ya shiga lokacin da za a riƙa sa masa ido, wanda ya kai uku kuwa ya yi ƙoƙari. Ni a ganina watan da ya fi dacewa a gwada batir shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin sanyi ya sauka.

Kunne shi ne mita ta farko. Idan ka murɗa makulli inji ya juya da nauyi, yana ja kamar ba ya so, fitilun dashbod suna dusashewa, wuta ce ba ta isa ba. Idan ka ji ƙas-ƙas-ƙas da sauri a jere, ita ma wutar ce ta yi ƙasa sosai, ko kan batir ne ya saki. Idan ƙas ɗaya tak ka ji, fitilu kuma suna nan tangaran ba su ko girgiza ba, zargi ya koma kan kik ko wayar da ke zuwa gare shi. Idan kuwa inji na juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa, to a ƙyale batir, babu ruwansa, a nemi matsalar a wajen fetur ko fulogi ko famfon mai. Sai dai in aka yi ta murɗawa ba hutu, za a ƙarar da cajin a ƙara wa kai matsala ta biyu. Kada murɗawa ɗaya ta wuce daƙiƙa goma, a kuma bar kik ya huce kafin a sake.

Bayan kunne sai ido. Ɗaga bonet ka kama kan batir da hannu ka gwada juya shi. In ya motsa, mai yiwuwa ka riga ka gano ciwon. Farin gari ko kore-kore da ke taruwa a kan sandunan yana tare wuta sosai. Kanwa da aka jiƙa a ruwan ɗumi tana kashe kaifin asid, da ita da tsohon buroshi za a wanke shi tas, a kula kada ta shiga cikin ramukan zuba ruwan batir, a goge ya bushe, a ɗaure tam, a shafa ɗan girisi a kai. A bi baƙar wayar nan da ke tafiya jikin mota, wadda masu wayarin ke kira as, a ga inda aka ɗaure ta. Tsatsa a wannan wuri kaɗai tana hana mota mai lafiyayyen batir tashi. Ƙusa ko guntun gwangwani da ake cusawa don kan batir ya kama, dabarar kan hanya ce, ba abin zama da shi ba. Sannan a dubi akwatin kansa. In gefensa ya kumbura, ko ya tsage yana yoyo, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, magana ta ƙare, ba sai an auna ba. Sai dai kumburi da wari sukan nuna altaneta na tura wuta fiye da kima, don haka ita ma sai an duba ta kafin a ɗora sabo.

Yanzu mita. Ƙaramar mitar nan ta masu gyaran rediyo da waya ta wadatar, kuma kuɗinta bai wuce kaso kaɗan na kuɗin batir ba. Awo uku ake yi, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke tsayawa shi kaɗai.

Na farko ana yin sa ne mota a kashe, ta kuma huta. Mafi kyau da safe kafin a tashe ta, domin batirin da aka sauko daga tafiya yanzu yana nuna lamba sama da gaskiyarsa. In ba za a iya jira ba, a kunna manyan fitilu na minti ɗaya ko biyu, a kashe, a ɗan dakata, sannan a auna. Jar waya a kan sanda mai alamar tarawa, baƙa a kan mai alamar ɗebewa. Bolt 12.6 ko sama kaɗan, batir a cike yake. 12.4 ya kai wajen kashi uku cikin huɗu. 12.2 rabi ne. 12.0 saura kwata. Ƙasa da haka babu abin kirki a ciki. A lura da yadda tazarar take ƙarama. Mutum zai ga 12.1 ya ce ai batirin bolt 12 ne, ga shi har ya wuce, alhali fiye da rabin cajin ya tafi. Idan kuma aka ga lamba wajen 10.5, kuma caji ya kasa ɗaga ta, ɗaki ɗaya cikin shida ya mutu, biyar ne ke aiki. Wannan ba shi da magani.

Amma awon farko yawan caji kawai yake faɗa, ba ya faɗar lafiya. Na biyu ne ke tona ciki. A bar mitar a jone, wani ya shiga ya murɗa makulli, kai kuma idonka na kan lamba. Dole ta faɗi, wannan ba laifi ba ne. Lafiyayyen batir yakan sauko wajen 10 ko sama da haka ya tsaya har inji ya kama. Iyakar da masu sana'ar suka yarda da ita ita ce 9.6. Batirin da ya nuna 12.6 a zaune, amma da aka murɗa ya zube zuwa 8 ko 7, ya gama. Sharaɗin shi ne a cike yake lokacin gwajin. In 12.1 yake nunawa tun farko, faɗuwarsa ba hujja ba ce a kansa, yunwa ce. A nan ne aka fi zaluntar batir. Ana gwada shi babu caji, ya faɗi, a ce ya mutu. Ƙa'idar ita ce a cika shi tukuna da caja a hankali, ko da zai kwana a shago, a bar shi ya huta, sannan a gwada. Kik da ya tsufa yana jan wuta fiye da ƙa'ida shi ma yakan jawo lambar ƙasa, shi ya sa mai wayarin da ya san aikinsa zai gwada batirin da na'urar ɗora nauyi a wajen mota, ko ya ɗora wani lafiyayyen batir ya ga ko kik ɗin zai ci gaba da ja.

Na uku, inji na aiki. Mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.7 ko kusa da haka. A kunna fitilu da esi da fanka, a ɗan taka totur, lambar kada ta sauko ƙasa da 13.5 ta zauna a can. In tana yawo a 12 da ɗoriya, altaneta ba ta caji, ko fanbel ya saki. In ta haura 15, tana dafa batirin ne, kuma sabon da za a sa ma dafa shi za ta yi. Wasu motocin zamani kwamfutarsu ce ke sarrafa caji, tana ɗagawa tana saukewa da gangan, to su sai an kalli lambar na ɗan lokaci kafin a yanke hukunci.

Batirin da ake iya buɗe murafunsa yana ba da ƙarin dama. Akwai wani bututun gilashi mai roba a kai da masu caji ke zuƙo ruwan batir da shi su auna kaurinsa. Cikakken ɗaki yana nuna wajen 1.26 zuwa 1.28. Abin dubawa ba lambar kanta ba ce kawai, a gwada dukan ɗakuna shida a kwatanta. In ɗaya ya bambanta da sauran da 0.05 ko fiye bayan cikakken caji, wannan ɗaki ya lalace. Ɗan idon nan mai kore da ke saman batiran da ba a buɗewa, ɗaki ɗaya kawai yake kallo, sauran biyar bai san halin da suke ciki ba. Korensa ba shaidar lafiya ba ce. Wasu shagunan yanzu suna da ƙaramar na'ura da ake shigar wa lambar CCA da ke jikin batir. Lambar tana nufin yawan amfiyar da batir zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifili ba tare da ya sauka ƙasa da bolt 7.2 ba. Irin wannan sanyi ba ya zuwa ƙasarmu, amma lambar tana da amfani a matsayin ma'auni, domin na'urar za ta nuna nawa ya rage daga ƙarfin da aka ƙera shi da shi. In ya sauko wajen kashi 70 cikin 100, ni dai ba zan kama hanyar Kano zuwa Maiduguri da shi ba.

Akwai wasu gwaje-gwaje da suka zama jiki a garejinmu waɗanda ya kamata mai mota ya buɗe baki ya hana. Babba a cikinsu shi ne cire kan batir inji na aiki, wai in motar ta mutu altaneta ba ta da kyau. A zamanin tsofaffin Fijo da Bitil da babu kwamfuta a cikinsu an yi haka an wanye lafiya. A motar yau batir ne ke shanye hauhawar wuta, in aka cire shi inji na gudu, wutar na iya tsalle ta ƙona ƙwaƙwalwar mota ko altanetar kanta. Gwajin da mita za ta yi a minti ɗaya, a jefa kayan dubban ɗaruruwa cikin haɗari saboda shi. Haka ma tashin mota da batirin aro sannan a zare shi a mayar da mataccen inji na aiki. Haka ma goga waya tsakanin sanduna biyu a ga tartsatsi. Batir yana fitar da iskar haidirojin, musamman lokacin caji ko bayansa, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya fasa akwatin ya watsa asid a fuska. Da tocila ake leƙa ramin batir, ba da ashana ba, kuma a nesanta taba. In tsautsayi ya sa ruwan ya shiga ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 15, a wuce asibiti. Kada a ji nauyin cewa, "Malam, don Allah sa mita, kar ka cire." Wanda ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Sai batun canza ruwa. Abin da ke ƙafewa daga batir ruwa ne zalla, asid ɗin yana nan. Saboda haka abin da ake ƙarawa tataccen ruwa ne, daidai yadda zai rufe faranta, ba a cika har baki ba. Ruwan rijiya da na famfo da fiya-wata duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke ɓata faranta. A kasuwa kuma kwalabe iri biyu ake kira ruwan batir, ɗaya tataccen ruwa, ɗaya asid, sai an tambaya an tabbatar. Juye tsohon ruwa a zuba sabon asid yakan sa batir ya farfaɗo na 'yan kwanaki, mai shi ya yi murna, amma gishirin da ya daskare yana nan, asid ɗin ya yi yawa, abin da ya rage na faranta ya cinye da sauri.

To in awo uku sun fito lafiya, amma motar in ta kwana biyu a ajiye sai ta ƙi tashi fa? Akwai abin da ke shan wuta cikin dare. Mota ko a kashe tana jan 'yar wuta don agogo da ƙwaƙwalwa da makullin rimot, amma bai kamata ya wuce wajen miliamfiya 50 ba bayan an rufe ta ta yi shiru. Waɗanda aka fi kamawa su ne kayan da aka ƙara daga baya: rediyo mai allo, amfilifaya, na'urar bin diddigin mota, ƙararrawar ɓarayi, fitilar but da ba ta mutuwa, cajar waya a soket ɗin da ba ya yankewa. Altaneta ma in wani ɗan ƙarfe mai hana wuta komawa baya ya ƙone a cikinta, da rana za ta yi caji, da dare ta zuƙe. Mai wayarin zai sa mita tsakanin baƙar waya da sandarta, ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi.

Wani lokacin kuma babu abin da ya lalace, yadda ake amfani da motar ne. Daga gida zuwa makarantar yara, zuwa ofis, zuwa masallaci, kowace tafiya minti biyar, esi a kunne, a kashe a tayar sau takwas a yini. Altaneta ba ta samun sararin mayar da abin da aka ɗiba. Ko motar da mai ita ya yi tafiya ya bar ta wata biyu a rana. Irin wannan batir yana zama da rabin caji har gishiri ya daskare masa. Kuma zancen cewa in an jona mota ta tashi, zagayen minti ashirin zai cika batir, ba haka ba ne. Batirin da ya ƙare ƙaf yana bukatar sa'o'i masu yawa a kan caja. Motar da za a ajiye fiye da mako biyu ko uku, a cire baƙar wayar, in ba irin motar da ke rikicewa in an yanke mata wuta ba ce. Masu ciro batirin mota su jona inbata ko fanka in an ɗauke wuta su sani cewa ba don haka aka ƙera shi ba. Farantansa sirara ne, an yi su don wuta mai yawa ta ɗan lokaci. Duk ƙarewa ƙaf ɗaya tana cin wani abu daga kwanansa da ba zai dawo ba, batirin sola da na inbata ne aka yi don wannan aiki.

Hukuncin ke nan ba shi da wuya in an bi ta kansa. Batirin da bai kai shekara biyu ba, ya ƙare saboda dalilin da aka sani, an manta fitila a kunne ko fanbel ya tsinke, aka cika shi ya riƙe 12.5 ko sama bayan kwana guda a ajiye, ya kuma tsaya sama da 9.6 wajen tayarwa, wannan a mayar da shi mota a gyara dalilin. Wanda aka cika ya faɗi gwajin nauyi, ko ya zubar da cajinsa cikin kwana ɗaya ko biyu alhali ba a jone yake da komai ba, ko ɗaki ya mutu, ko ya kumbura, a sauya shi yau, kada a sake biyan kuɗin caji. Mai wuyar sha'ani shi ne na tsakiya, wanda ya shekara biyu da rabi ko uku, yana tayarwa amma da nauyi, yana tsayawa daf da iyaka. A nan sai mutum ya dubi rayuwarsa. Mai mota mai giyar hannu da ke yawo cikin gari zai iya jan wata ɗaya ko biyu. Mota mai giya otomatik kuwa ba a tura ta ta tashi. Wanda ke bin dogon titi da dare, ko mai ɗaukar iyali, ko wanda ke da mara lafiya ko mai juna biyu a gida, ban ga hikimar jira ba. Tsayawa a daji a wannan zamani ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma altaneta da ke ta wahalar cika abin da ba ya cika, da kik da ke zafi saboda ƙarancin wuta. Manyan motoci masu batir biyu a jone, in ɗaya ya mutu a sauya duka biyun, domin tsohon zai ja sabon ƙasa.

Wajen saye, a tafi da mita. Sabon batir ya nuna 12.5 ko sama tun a shago. A nemi ranar ƙira a jikinsa, domin batir yana tsufa ko a kan kanta yake, kuma wanda ya wuce wata shida a shago mai zafi ya riga ya fara cin kwanansa. Kamfanoni da dama suna sa harafi don wata da lamba don shekara, A na Janairu, B na Fabrairu, amma tsarin ya bambanta, sai a sa mai shago ya nuna. A ɗaga shi a ji nauyi. Dalma ce ke aikin kuma ita ce mai tsada, batirin da aka rubuta wa amfiya 75 amma bai da nauyin na 60 ba, an rage masa ciki. A dubi sanduna, in akwai sawun ɗauri a kansu an taɓa amfani da shi, komai ƙyallin takardar da aka manna. A karɓi rasit mai kwanan wata da garanti a rubuce. Girman kuma a bi abin da motar ta zo da shi, amfiya 45 ko 62 ko 75 ko 100. Wanda ya ɗan fi girma ba ya cutarwa in ya zauna daidai a mazauninsa, amma ba ya maganin altaneta mara lafiya. A kula da ɓangaren da sandar tarawa take, hagu ko dama, da kaurin sandunan, don wasu motocin Japan sirara suke amfani da su. Motocin da ke kashe kansu a danja su sake tashi suna bukatar batir na musamman, AGM ko EFB, na gama-gari ba ya daɗewa a cikinsu. Wasu motocin Jamus, irin BMW da Audi na baya-bayan nan, sai an shaida wa kwamfutarsu cewa an sa sabo, in ba haka ba za ta ci gaba da yi masa cajin tsoho.

Wajen cirewa baƙar waya ake fara kwancewa, wajen ɗaurawa ita ce ta ƙarshe, don kada sifana ta taɓa jikin mota ta yi tartsatsi. A ɗaure batirin da maɗaurinsa, ba da igiya ko tsohon tiyub ba. A tayar da mota a sake auna caji a wurin, kafin a bar shagon. A rubuta watan da shekarar a jikinsa da maka.

Tsohon kuma ba shara ba ne, guba ce mai daraja, shi ya sa 'yan gwangwan ke rububinsa. Ana narkar da dalmar a sake ƙera wani, wannan abu ne mai kyau in an yi shi a inda ya dace. Fasa shi da gatari a bayan gida a narkar a kasko shi ne bala'in. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar a Senegal, tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, yara 18 suka rasu saboda ƙurar dalma daga fasa tsofaffin batura. Mu ma mun ga abin da dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka rasu, duk da cewa can daga duwatsun zinariya ta fito. Ƙarfen dai ɗaya ne, kuma ƙananan yara ya fi kamawa, yana taɓa ƙwaƙwalwarsu tun kafin a ga alama. Mafi sauƙi shi ne a bar wa mai shagon tsohon a rage kuɗin sabon, yawancinsu suna karɓa. A miƙa shi a tsaye da ruwansa a ciki, kada a juye a kwata ko kusa da rijiya, kada kuma ya kwana a tsakar gida ko zaure inda yara ke wasa.